Narki na Huɗu

Ni ne Korau, jikan maƙeran Tamburawa.
Na bar gida da awartaki a burgami da niyyar Makka,
hanya ta ci shekara tara,
ta tofar da ni a Ummudurman,
inda ruwa biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa,
fari da shuɗi, ba sa gaisawa sai sun yi nisa.

Fartanya na iya, da lauje, da linzami.
Suka ce, wanda ya san wuta ai ya san wuta,
zuba mana igwa.

Aka bi gida-gida.
Tasa, buta, munduwa, ma'aunin mai turare,
ƙararrawar jirgin da ya kife a bakin gaɓa,
duk abin da ke ja, duk abin da ke amo,
aka tula mini a ƙofar maƙera.

Sittana da kanta ta kawo nata,
turmin gahawa, bakinsa ya suɗe don tsufa.
Ta ce, na kakata ne.
Hojali yana nan, cikin masu kunna wuta.
Dafa'allah yana arewa, cikin waɗanda za a auna.
Nono ɗaya suka sha. Ka duba, maƙeri.
Larabcina na kasuwa ne,
ba shi da kalmar da zan mayar mata.

Yumɓu, kashin jaki, gashin akuya.
Muka binne mazubi a tsaye cikin rami,
Rihan ya kwana biyu a kan zugazugi,
tagulla ta gangaro kamar an narka hantsi.

Kwana shida ta huce. Na ɗauki masaba na buga.
Ƙarfe mai lafiya kuka yake, dogo, siriri.
Wannan tari ta yi.
Akwai kumfa a cikinta,
ran da Hojali ya miƙa mata wuta, shi za ta fara ci.
Na faɗa wa Wad Ajib, mai kula da mu.
Bulala goma sha biyar. Aka fasa, aka sake.

Ta biyu lafiyarta lau, Allah na gani.
Da asuba na gwada ta ni kaɗai,
ta yi amo kamar ladan a ƙetaren kogi.
Sai na tuna Dafa'allah, wanda ban san fuskarsa ba.
Da Wad Ajib ya zo,
na kifa tafin hagu a gindinta, ƙarƙashin riga,
na buga da dama.
Ta yi tari.
Talatin.

Abin da Wad Ajib bai sani ba,
wuta tana cire zakkarta.
Kowane narki, wani abu ya bi hayaƙi,
wani ya maƙale a kashin maƙera.
Ta fari ta wuce ni ina miƙe da hannu.
Ta uku a ƙirjina ta tsaya.

Ban ce ni mutumin kirki ba ne.
Ƙaryata ta cinye gawayin ƙauye guda,
ta ci bayan Rihan, yaron da bai san komai ba.
Kuma akwai wasu igwogi, na ganima,
suna can suna aikinsu, ba wanda ya tambaye ni.
Sittana na wucewa da tulu, ba ta ko waigo.
An ce a kan dutse take niƙa gahawa yanzu.

Yau narki na huɗu.
A kife nake kwana, a kife nake lissafi:
wuta nawa ce tsakanin igwa da turmi?
Tsakanin turmi da allura fa?
Da bayana da tagullar nan, wa zai riga ƙarewa?

Gabas ta yi ja. Can Makka take, an ce wata biyu a raƙumi.
Rihan, tashi.
Zuga.